Danna Garmar Ture Dusar Ƙanƙara: Daga Ina Nauyin Yake Fitowa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi bayani a kan wata matsala da take damun masu karatunku da ke zaune a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da arewacin Amurka, inda share dusar ƙanƙara daga ƙofar gida yake zama aikin dole na wata huɗu ko biyar a kowace shekara. Da yawa daga cikinmu mun sayi ƙaramar tarakta ta lambu, mun ɗaura mata faffaɗan ƙarfen nan na gaba da ake ture dusar da shi, wanda zan riƙa kira garma a cikin wannan wasiƙa, sannan muka tarar da cewa idan dusar ta taku ta yi tauri, garmar ba ta kankare ta, sai dai ta hau kanta ta wuce kamar ba a yi komai ba. Daga nan ne kowa yake fara tunanin yadda zai danna garmar ƙasa da ƙarfi. Na shafe lokutan hunturu da dama ina gwada hanyoyi daban-daban, na ɓata ƙarfe, na kuma ji ciwo sau ɗaya, shi ya sa nake ganin wajibi ne in faɗi abin da na fahimta kafin wani ya kai tasa taraktar wurin mai walda.

Ya kamata a fara da sanin dalilin da ya sa garmar take yin haka, domin ruwa ba ya tsami banza. A mafi yawan ƙananan taraktoci, abin da ya haɗa libar ɗagawa da garmar sarƙa ce, ko kuwa sanda mai dogon rami da fil yake zamewa a cikinsa. Sarƙa tana iya ja sama, amma ba ta iya turawa ƙasa, saboda haka da zarar an sauke garmar, babu abin da yake danne ta sai nauyin jikinta, wanda a garma mai faɗin inci 42 zuwa 54 bai cika wuce 'yan gomomin kilo ba. Masu ƙera ta da gangan suka yi haka, suna so ta riƙa bin ƙasa, ta hau tudu ta sauka kwari ba tare da ta ɗaga taraktar ko ta tsaya cak ba. Irin waɗannan injina sun daɗe a hannun jama'a, kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a 1961, John Deere kuma ya fito da samfurinsa na 110 a 1963 daga masana'antarsa ta Horicon a jihar Wisconsin, kuma tun daga wancan zamani har yau wannan 'yancin motsi na garma yana nan a tsarinsu. Duk wanda zai cire shi, to ya san cewa yana cire abin da aka sa ne domin kare injin da mai tuƙa shi.

Dusar kanta ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta sauka yanzu, busasshiya mai laushi, nauyinta a cikin mita ɗaya tsaye da kwance da zurfi bai cika wuce kilo 100 ba, kuma ko garma mara nauyi tana share ta har ƙasa. Amma da mota ta bi ta kanta sau biyu ko uku, iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta ta fice, sai nauyin ya ninka sau huɗu ko biyar, idan kuma rana ta ɗan narkar da ita dare ya sake daskarar da ita, sai ta kusanci ƙanƙara tsantsa, wadda nauyinta ya kai kilo 917 a wannan ma'auni, ta kuma manne wa kwalta ko siminti kamar an liƙa ta. A kan irin wannan ce garma take hawa. Sawun tayar mota yana barin ɗan tudu mai santsi, bakin garmar ya same shi, ya ga hawa ya fi masa sauƙi a kan yankewa, sai ya hau.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma shi ne abin da na ga mutane ba sa tsayawa su lissafa. Nauyin da za ka danna a kan garma ba daga sama yake faɗowa ba, aro ne kake yi daga tayoyin gaba na taraktar, kuma abin da tayoyin suke rasawa ya fi abin da garmar take samu. Bari in kawo misali da lambobi masu sauƙi. A ce tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya santimita 120 ce, bakin garmar kuma yana gaban tayoyin gaba da santimita 60. Idan ka tilasta wa garmar ta danna ƙasa da ƙarin kilo 50, ƙasa za ta mayar da martani ta tura gaban taraktar sama da wannan kilo 50 ɗin, kuma da yake wurin turawar yana nesa da tayoyin baya da santimita 180, tayoyin gaba za su rasa kilo 75, na baya kuma su ƙaru da kilo 25. Idan tayoyin gaba dama kilo 130 suke ɗauke da shi, to fiye da rabin riƙonsu ya tafi ke nan, kuma da dannawar ta kai kilo 87 sai su bar ƙasa gaba ɗaya. Wannan lissafi bai damu da ko hannu ne yake dannawa ba, ko injin lantarki, ko famfon mai, kuma bai damu da inda aka ɗaure ƙarafan garmar a jikin taraktar ba. Iyakar dannawar da kowace tarakta za ta iya yi a rubuce take a cikin nauyin gabanta, ba a cikin ƙarfin na'urar da aka saya ba.

Abin da ke biyo bayan wannan kowa ya taɓa ganinsa, ko da bai san dalilinsa ba. Tayoyin gaba su ne sitiyari, kuma a kan santsi dama riƙonsu kaɗan ne. Idan aka karkata garmar gefe domin dusar ta riƙa gangarewa hagu ko dama, tulin da ake turawa yana tura gaban taraktar zuwa ɗaya gefen, kuma babu abin da ke hana shi tafiya sai riƙon tayoyin nan guda biyu. Da zarar ka rage musu nauyi, sai ka ga kana murɗa sitiyari iya murɗawa, taraktar kuwa tana bin inda dusar ta ga dama, wani lokaci zuwa jikin mota da ke ajiye, wani lokaci zuwa gangaren da ke gefen hanya. Ga kuma gurzar da take ƙaruwa tsakanin ƙarfe da ƙasa, wadda tayoyin baya ne za su biya ta, alhali su ma a kan santsi suke. Na sha ganin mutum ya samu kankarewar da yake nema, amma ya rasa ikon juya injinsa, wato garin neman gira ya rasa ido.

Saboda haka, kafin a ƙara wa garma ko kilo ɗaya, akwai abubuwan da ya kamata a duba, kuma a ganina su ne suke warware matsalar mutane da yawa ba tare da an kai ga walda ba. Na farko shi ne ƙarfen baki, wato siririn ƙarfen da aka ɗaure da noti a ƙasan garmar, wanda shi ne yake taɓa ƙasa. Abin da yake yanka dusar da ta taku shi ne yawan nauyin da ya taru a kan ƙanƙanin wuri. Idan bakin yana da tsawon santimita 120 da kaurin milimita 6, kilo 40 suna zaune ne a kan fili mai girman santimita murabba'i 72, wato fiye da rabin kilo a kan kowane ɗaya. Idan kuwa siminti ya cinye shi har wurin da yake taɓa ƙasa ya baje ya kai milimita 15, filin ya zama 180, kuma sai an ɗora kilo 100 kafin a samu yankan da kilo 40 suke yi a da. Ashe sabon baki daidai yake da ƙarin kilo 60, kuma ba ya karɓar komai daga tayoyin gaba. Da yawa daga cikin waɗannan ƙarafa ana iya kwance su a juya su a yi amfani da ɗaya gefen, amma sai ka ga mutum yana neman sifirin (ƙarfen nan mai naɗi da ke matsewa ya dawo) da silindar da mai ke turawa alhali bai taɓa durƙusawa ya kalli bakin garmarsa ba.

Sai kuma takalman garma, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke bayanta waɗanda take zamewa a kansu. Idan an sauke su ƙasa sosai, duk nauyin da ka ƙara a kansu zai zauna, bakin kuma yana rataye a sama da ɗan tazara. A kan kwalta ko daɓen siminti mai kyau, a ɗaga su har bakin ya zauna da kansa. Haka nan a duba ko ƙarfen da ya haɗa garmar da taraktar yana kwance daidai da ƙasa idan an sauke ta, domin idan ya karkata sama ko ƙasa, duk lokacin da aka juya garmar gefe kusurwa ɗaya za ta nutse, ɗayar kuma ta tashi ta bar layin dusa a baya. Iskar tayoyi kaɗai tana iya kawo wannan karkata, musamman da yake sanyi yana rage matsin iskar da ke cikinsu. Wasu garmuna kuma suna da ramuka da dama a sama inda ake sauya jinginarsu gaba ko baya, kuma ya dace a gwada su rami bayan rami, saboda idan leɓen ƙasa ya shiga ƙarƙashin dusar, nauyin tulin da ke kwance a cikin lanƙwasar garmar shi ma yana taimakawa wajen danne ta.

Idan an gyara waɗannan duka kuma har yanzu ana buƙatar ƙari, hanya mafi aminci ita ce a ɗora nauyi a jikin garmar kanta. Wannan ce kaɗai hanyar da ba ta aro daga tayoyin gaba a lokacin aiki, domin nauyin sabo ne, kuma garmar tana nan da 'yancinta na bin ƙasa. Akwai dunƙulen ƙarfe mai mariƙi da ake rataya wa taraktoci, wanda na John Deere nauyinsa fam 42 ne, kimanin kilo 19, kuma guda ɗaya ko biyu da aka ɗaure da noti a bayan garmar, a tsakiya kuma kusa da ƙasa, suna kawo canjin da ido zai gani. Sai dai ita ma tana da kuɗinta, kuma ana biya ne a lokacin ɗagawa. Da ma'aunin misalinmu na ɗazu, kilo 20 da ke rataye a gaba suna ɗora wa tayoyin gaba kilo 30, suna kuma cire wa na baya kilo 10, a daidai lokacin da ake son ja da baya daga cikin tulin da aka tura. Wanda kuma yake ɗagawa da libar hannu zai ji shi a kafaɗarsa bayan ɗagawa ta hamsin. Ina jan hankali da a guji ɗaure bulo ko buhun yashi da igiya, domin girgiza tana kwance su, kuma abin da ya faɗo a gaban garma a ƙarƙashin taraktar yake ƙarewa.

Hanya ta biyu, wadda ta fi jan hankalin mutane saboda arharta, ita ce a cire sarƙar a sa sandar ƙarfe tsayayyiya, ko a toshe dogon ramin nan, ta yadda idan an tura liba gaba garmar za ta dannu. Masu tsofaffin taraktocin Wheel Horse, waɗanda aka riƙa ƙerawa a South Bend ta jihar Indiana kafin kamfanin Toro ya saye su a 1986, sun daɗe suna yin haka, kuma yana yi musu aiki matuƙar hannun mutum yana kan libar, domin hannu yana jin abin da garmar ta taka, yana kuma sassautawa. Haɗarin yana zuwa ne idan aka kulle libar a matsayin dannawa aka saki. Ni kaina na yi wannan kuskure. Na sa sanda, na kulle ta, na tafi da ɗan sauri a kan daɓen siminti da dusa ta rufe, sai bakin garmar ya sami wurin da wani fallen daɓen ya ɗaga sama da na kusa da shi da abin da bai kai santimita biyu ba. Taraktar ta tsaya nan take, ƙirjina ya daki sitiyari, sandar ɗagawa ta lanƙwashe, kuma na yi makonni ina jin ciwo a haƙarƙarina duk lokacin da na ja numfashi mai zurfi. Sanyi yana kumbura ƙasa ya ɗaga daɓe, saboda haka wurin da yake sumul a watan Oktoba yana iya zama tarko a watan Fabrairu, ga murafen magudanan ruwa, ga dakalin gefen titi, duk a ɓoye a ƙarƙashin fari.

A nan ne maganar sifirin ɗin kifewa take shigowa, kuma ina roƙon masu karatu su riƙe ta da kyau. Garma mai kyau tana da sifirin ɗaya ko biyu a bayanta da suke riƙe ta a tsaye, idan bakinta ya bugi abu mai tauri sai su miƙe su bar ta ta kifa gaba ta tsallake, sannan su dawo da ita. Da zarar an ƙara dannawa, garmar takan fara kifewa a kai a kai, abin ya ishi mutum, sai ya ɗaure ta da fil ko ya yi mata walda ta daina motsi. Wasu garmunan suna zuwa da fil ɗin kullewa daga masana'anta, amma an yi shi ne domin baje ƙasa ko yashi a tafiyar hawainiya, a wurin da ido yake ganin abin da ke gaba. Wanda ya haɗa dannawa mai tauri da garma kullalliya a kan dusa, bai bar wa bugu wata mafita ba sai firam ɗin taraktar da jikinsa. Idan kifewar ta yi yawa, a ɗan ƙara ɗaure sifirin ɗin da notin da aka tanada domin haka, a rage gudu, a kuma rage dannawar.

Abin da na zauna a kansa bayan duk wannan, kuma nake ba da shawararsa ga wanda nauyi kaɗai bai ishe shi ba, shi ne dannawa mai sassauci, wato a sa sifirin mai matsewa a tsakanin libar da garmar. Ana samun sandar ƙarfe mai zare, a zura ta cikin sifirin mai kauri, a sa washa (ɗan faifan ƙarfe mai rami) da noti biyu a ƙarshenta, ta yadda idan an tura liba ba garmar take turawa kai tsaye ba, sifirin ɗin take matsawa, shi kuma ya danna garmar. Amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, idan bakin ya hau tudu, sifirin ɗin yana ƙara matsewa ya ba shi hanya, ba sai gaban taraktar ya tashi ba. Na biyu, ana iya auna ƙarfin a daidaita shi da noti, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Abin lura shi ne a bar masa isasshen wurin motsi, domin sifirin da ya matse har zobbansa suka haɗe ya koma sanda, kuma duk haɗarin sanda ya dawo. A zaɓi dogo mai matsakaicin tauri a kan gajere mai tsananin tauri, a shafa wa sandar giris saboda ruwan gishirin da ake watsawa a hanya domin narkar da ƙanƙara, a kuma ɗaure tushensa a jikin firam mai kauri, kada a ɗaure shi a jikin gwangwanin murfin inji ko siririn ƙarfen da ke riƙe da shi.

Game da sandar lantarki mai turawa da ja, wadda ake haɗawa da batirin bolt 12 a sarrafa ta da makunni, tana hutar da kafaɗa, amma tana da hali guda da ya kamata a sani. Dunƙulen zare ne a cikinta, kuma inda aka tsayar da ita nan take tsayawa, ba ta sassautawa ko kaɗan, saboda haka duk bugun da garmar ta sha yana tafiya kai tsaye zuwa ƙananan haƙoran giyarta. Ba a gina ta domin duka ba. Wanda zai sa ta, to ya haɗa ta da sifirin ɗin da na bayyana, ya sa mata fis, ya zaɓi wadda aka rufe ta da kyau daga ruwa, ya kuma tuna cewa batiri yana rauni a tsananin sanyi, na'urar cajin ƙaramar tarakta kuwa ba ta da yalwa, balle ga fitilu a kunne da asuba.

Masu taraktar da ke da famfon mai, irin John Deere 318 da aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, su tasu matsalar yawan ƙarfi ce. Silinda mai faɗin santimita 5 a ƙarƙashin matsin mai da ya kai 70 a ma'aunin matsi na 'bar' tana tura abin da ya kai kilo 1,400, alhali mun ga cewa ƙasa da kilo 100 ya isa ya ɗaga tayoyin gaba. Shi ya sa ake sa wa libar irin waɗannan injina wani matsayi na sakewa, inda man yake kai da komo a tsakanin ɓangarorin silindar biyu ba tare da matsi ba, garmar ta riƙa bin ƙasa da nauyinta. A wannan matsayi ya kamata a yi mafi yawan aiki, a riƙa taɓa dannawa na ɗan lokaci kawai a inda dusar ta taku, ana tafiya a hankali kuma a miƙe.

Akwai kuma tambayar ko injin da kansa zai iya ɗaukar aikin. Ba duk abin da ake zama a kai a yanke ciyawa ba ne taraktar lambu. Masu sauƙin kuɗi an yi su ne domin yankan ciyawa kawai, firam ɗinsu siriri ne, akwatin giyarsu ƙarami, kuma ba a tsara su domin jan abin da ke cizon ƙasa ba. Alama ɗaya da ake ganewa da ita ita ce tayar baya: idan an ɗaure ta da notuna huɗu ko biyar kamar ta mota, yawanci injin na aiki ne, idan kuwa an zura ta ne a kan aksul aka tare da ɗan zobe, to a bi shi a hankali. Ƙara wa irin wannan dannawa yana dafa man giyarsa, kuma lalacewar ba ta nuna kanta sai bayan watanni, ranar da zai kasa hawa ɗan tudu. A kowane hali, duk ƙarin da aka yi a gaba yana neman takwaransa a baya, wato sarƙar taya, da nauyin da ake ɗaurawa a cikin wili, ko ruwan da ba ya daskarewa da ake ɗura wa tayoyin, wanda ya fi nauyin da aka rataya alheri domin a ƙasa yake zaune, ba a kan aksul ba. Idan kuma ana son dawo da sitiyari, a rataya nauyi a gaban firam ɗin taraktar, wanda shi ne yake ɗaga iyakar da muka lissafa.

Ba na musun cewa akwai wurin da dannawa take da amfani na gaske. Babban misali shi ne gaban ƙofar gareji, inda ba a iya turawa gaba, sai dai a ɗaga garmar a matsa kusa da ƙofar, a sauke ta a ja da baya. A wannan tafiya bayan garmar ne yake fuskantar dusar, kuma siffarsa tana sa ta tashi sama, don haka ba tare da an danne ta ba kusan babu abin da take janyowa. Da yake tafiyar gajera ce, a miƙe kuma a hankali, rashin sitiyari ba ya cutarwa sosai. A kan hanyar tsakuwa kuwa akasin haka ake so, a sauke takalma a bar tazarar santimita ɗaya ko biyu, a ma bar shimfiɗar farko ta taku ta daskare ta zama daɓe, in ba haka ba duk tsakuwar za a kwashe a zube a kan ciyawa, a zo ana tsince ta da bazara. Masu daɓen bulo na ado su ma su nisanci dannawa da bakin ƙarfe, bakin roba ya fi dacewa da su, ko da yake ba ya kankare abin da ya taku.

Ya kamata kuma a yarda cewa akwai abin da babu dannawar da za ta iya. Ƙanƙarar da ta manne wa ƙasa ba aikin ƙaramar tarakta ba ce, sai an fara raba ta da daɓen. Gishirin hanya yana yin haka har zuwa wajen digiri 9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, daga nan aikinsa ya yi rauni ƙwarai, kuma a digiri 21 ƙasa da sifili ya ƙare gaba ɗaya, sai a koma ga sinadarin kalshiyam kulorayid da ke aiki a sanyin da ya fi haka. A watsa kaɗan, a jira ya huda ya shiga ƙarƙashi, sannan garma mara nauyi ma ta ɗebe shi falle-falle, tare da tuna cewa gishiri yana cin sabon siminti, yana kuma sa wa ƙarfe tsatsa. Dusa mai tsananin zurfi ita ma ba maganar dannawa ba ce. A watan Nuwamba na 2014, wasu unguwannin kudancin birnin Buffalo na jihar New York da ke gaɓar Tafkin Erie sun sami dusar da ta kai mita biyu a cikin 'yan kwanaki, kuma irin wannan sai injin da ke tsotsa yana fesarwa nesa, ko manyan motocin aiki. Mafi arhar magani dai shi ne a riga tayar mota fita, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Birnin Minneapolis na Amurka yana ba masu ƙananan gidaje awa 24 bayan dusa ta tsaya su share hanyar ƙafa da ke gabansu, amma wanda ya jira wa'adin ya cika zai tarar ƙafafu da tayoyi sun riga sun mayar da ita dutse.

Ga wanda ya riga ya yi gyaran, ko yake shirin yi, akwai gwajin da nake yi kafin dusar farko ta sauka, kuma ba ya cin fiye da rabin awa. A ajiye taraktar a kan busasshen daɓe a waje, ba a cikin rufaffen gareji ba saboda hayaƙin inji yana kisa, a kashe ta, a sa ma'aunin nauyi na gida a ƙarƙashin tayar gaba ɗaya, a tallafi ɗayar da katako mai kauri daidai da shi, direba ya zauna a kujerarsa. A karanta ma'aunin garma tana sake a ƙasa, a sake karantawa bayan an danna ta. A nawa aikin, ba na barin abin da ya rage ya yi ƙasa da kashi biyu cikin uku na karatun farko, kuma idan ya yi ƙasa sai in sassauta noti ko in ƙara nauyi a gaban firam. Bayan haka a kafa guntun katako mai kaurin santimita biyu a ƙasa, a tunkare shi da mafi ƙanƙantar gudu, a tabbatar garmar ta kife ko ta hau ta wuce ba tare da taraktar ta tsaya cak ba. Idan ta tsaya, to gyaran bai kammala ba, kuma kada a fita da ita sai an sake duba sifirin ɗin.

Na gode da filin da ka ba ni, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Naku, mai karanta jaridarku a kullum.